Akwatin Yanka na Kafinta Mai Ƙaramin Jari

Katako ya yi tsada a 'Yan Katako na Na'ibawa cikin Kano, har ba abin da kafinta mai ƙaramin jari ke tsoro kamar zarto ya karkace masa, gama katakon da aka yanke ba daidai ba ya zama hasara. Injin yanka kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa.

Maganin wannan shi ne akwatin yanka, wanda ba ya cin kome sai guntaye 3 na itace mai tauri, kamar maɗaci. Ɗaya a ƙasa, biyu a gefe, a buga su da ƙusa su zama kamar indararo. Sa'an nan a tsaga gefunan biyu da zarto, nesa da ƙusoshin. Tsagar nan ita ce za ta riƙe zarto kada ya kauce.

Wurin da gwaninta take shi ne tsagar kwana, watau ta haɗa firam. A auna faɗin akwatin daga waje zuwa waje. In inci 6 ne, sai a auna inci 6 bisa tsawonsa, a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Digiri 45 ke nan, ba a sayi ma'auni ba. Amma lalle a natsu a nan, domin kuskuren tsaga ta fari zai bi kowane katako da aka yanka bayanta.

Mai yin ƙafafun benci kuma ya kafa ɗan guntu a ciki wanda katako zai tokara, duka su fito tsawo ɗaya. In tsagar ta buɗe don yawan aiki, sai ya yi sabuwa kusa da ita.