Kuɗin cikin salula: ina suke kwana?

Idan kaka ta yi, mukan saida wake, gujiya ko albasa. Yau masu saye da yawa suna son su biya mu ta salula. Kafin mu amince, ya kamata mu san inda kuɗin suke kwana, da wanda ke tsaron su.

Wannan hanya ta shigo Nijar a shekarar 2010, lokacin da kamfanin Zain ya kawo Zap, wadda daga baya ta zama Airtel Money. A shekarar ce kuma, da aka yi ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern ta aika wa iyalai tallafi ta salula a jihar Tawa.

Abu na farko, kuɗin ba cikin salula suke ba. Suna rubuce ne da sunanmu cikin kwamfutar kamfani. Ko salula ta faɗa rijiya, ba su halaka ba. Sai mu je ofishin kamfani da katin ɗan ƙasa, a maido mana layinmu. Saboda haka kowa ya yi rajistar layi da sunansa, ba da sunan wani ba.

Abu na biyu, kamfanin salula ba banki ba ne. Babban bankin ƙasashenmu, BCEAO, ya kafa doka a 2015. Duk kamfanin da zai riƙe kuɗin jama'a ta wannan hanya sai ya samu izini. Kowace dala da muka zuba, dole ya aje kwatankwacinta a banki, ba tare da ya gama ta da kuɗinsa ba.

Masu ajiya a banki kuwa suna da wani lamuni. Idan banki ya karye, asusun lamuni na ƙasashen sefa yana biyan kowane mai ajiya har miliyan 1 da jika 400. A ƙananan gidajen ajiya da bashi da ke cikin tsarin, iyakar jika 300 ce. Don haka kafin mu ba wani gida kuɗinmu, mu tambaya ko yana da izini.

Abu na uku, salula iri-iri ce. Ƙarama mai maɓallai tana aiki da lambobi masu tauraro a farko. Babba tana amfani da manhaja, wato ɗan tsarin da ake sakawa cikinta. Wata manhajar banki ba ta hawa kowace salula. Misali, tun 2019 sababbin wayoyin Huawei ba su zuwa da rumbun manhajoji na Google. Idan manhaja ta ƙi hawa, kada mu karɓi wadda wani ya turo mana ko wadda mai gyara ya kwafo. Ɓarayi suna ƙera ta jabu don satar lambar sirri. Mu je bankin da kansa.

Lambar sirri ita ce makullin rumbu. Ba a faɗa wa kowa ita, ko mai shago, ko wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne. Idan an biya mu, mu duba abin da ya shiga da idonmu kafin a ɗauki buhu. Karatun da muka koya a nan yake amfani.

Salula ta dace da aike da ƙananan biya. Kuɗin shekara kuwa, gara su kwana inda ke da izini da lamuni. Allah ya sa wa guminmu albarka.