Wa Ke Shan Megan Gidanku?

Daga Zongon Kwatano har zuwa Seme-Kpodji, da wuya yau a sami gidan da ba a raba intanet daga waya guda. Maigida ya sayi mega a layin MTN, ko Moov Africa, ko Celtiis da ya fara aiki a 2022, ya kunna rabo, uwargida da yara su jona. Amma kukan da muke yawan ji shi ne, megan wata guda ya ƙare cikin mako biyu. Kafin a ɗora wa yara laifi, ya kamata a duba ko akwai baƙon da ya shigo ba sallama.

Mega kuɗi ne. Ba mu manta da 2018 ba, lokacin da gwamnati ta sanya harajin dala ɗaya, wato faran 5, a kan kowane mega na shafukan sada zumunta, jama'a suka koka, aka janye shi a watan Satumba. Sai dai asarar kuɗi ita ce ƙaramar. Layin waya da sunan mai shi aka yi masa rajista, kuma duk abin da aka aikata ta rabonsa, ta layinsa yake fita. In ɗan damfara ya yi amfani da shi, ƙofar mai layi za a fara ƙwanƙwasawa. Dokar Code du numérique ta 20 ga Afrilu 2018 ta haramta shiga na'urar wani ba izini, kotun CRIET kuma tana hukunta masu damfara ta intanet.

To, yaya ake gane baƙon? Da farko a ƙirga na'urorin gida: wayoyi, kwamfuta, da talabijin in yana jonuwa. Sannan a buɗe Paramètres a wayar da ke rabo, a shiga Point d'accès ko Partage de connexion, a nemi Appareils connectés. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix, Itel da Samsung suna jero waɗanda suka jona. Mai ɗan akwatin wifi kuwa, sai ya juya shi ko ya ɗaga batirinsa, zai ga adireshi irin 192.168.8.1 ko 192.168.0.1; ya rubuta shi a mabuɗin intanet, jerin zai fito.

Wata na'ura da sunanta take bayyana, wata kuma sai dai lambar da ake kira MAC, mai haruffa da alƙaluma 12 jere biyu-biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce a tara mutanen gida, kowa ya kashe wifinsa ɗaya bayan ɗaya, ana kallon wanda ya ɓace daga jeri, ana rubuta sunan mai shi a takarda. Abin da ya saura bayan kowa ya kashe, shi ne baƙo.

A nan sai a yi hattara, domin zato zunubi ne. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙiro wa kansu lambar MAC ta daban ga kowane wifi, don kare sirrin mai su. Saboda haka lambar da ba ku sani ba tana iya zama ta wayar ɗanku. Kada a je ana tuhumar maƙwabci a kan lamba kawai.

Wannan kuma shi ya sa toshe baƙo da Bloquer ba ya wadatarwa, don yana iya komowa da sabuwar lamba. Maganin shi ne canza kalmar sirri, wanda zai fitar da kowa nan take. A bar 12345678, a bar lambar waya da sunan ɗan fari. A haɗa haruffa da alƙaluma kamar 12, a zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3. A ƙayyade adadin masu jonuwa daidai da na'urorin gida, a kashe rabo in za a kwanta. A ja kunnen yara, domin wayar da ta jona tana iya miƙa kalmar ga wata ta hoton QR cikin ƙiftawar ido. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba muna cewa a hana maƙwabci alheri ba. A gidajen haya na Zongo, inda bango guda ya raba ɗaki da ɗaki, taimakon juna gado ne. In ɗalibi ko baƙon da ya sauka daga Kraké ya roƙa, a ba shi da sani, in ya gama a sabunta kalmar. Shi kuma wanda ya tsinci kalmar wani, ya tuna haƙƙin mutane ne, ya nemi izini.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin.