Zaman Harɗe da Matsayinsa a Ƙauyukan Arewacin Kano

A wannan maƙala za mu duba wani irin zama da ido ya saba da shi har ya daina lura, watau zaman harɗe, wanda wasu ke kira tanƙwashe ƙafa: mutum ya zauna a ƙasa, ya naɗe ƙafafunsa a gabansa, ƙwauri bisa ƙwauri. Wanda ya ratsa ƙauyukan Dawakin Tofa ko Minjibir ko Ɗambatta, inda gida ke kallon gida, gona na jingine da gona, zai tarar da shi a zauruka da gindin itatuwa.

Sai dai ba kowa ke da ikon yin sa a ko'ina ba. Malami kan harɗe bisa buzunsa, almajiri kuwa ya gurfana kamar mai zaman tahiya. Maigida kan harɗe a bakin akushi, amma saurayin da ya zo gaida surukinsa sai ya tsuguna daga gefen tabarma. Haka talaka a gaban dagaci. Ashe harɗewa shaida ce cewa mutum ya isa, kuma wurin nasa ne. Mata galibi miƙe ƙafa suke yi, ko su lanƙwashe su gefe guda. Ɗaurin zane ma bai yarda da wanin haka ba.

Addini ya san wannan zama. Larabawa na kiransa tarabbu'i. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan nan, an nuna cewa marar lafiyar da ya kasa tsayuwa zai yi salla a harɗe in ya iya. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan harɗe bayan sallar Asuba har rana ta fito sosai.

A ƙasar Indiya an ɗauki zaman ta wata fuska dabam. Masu yoga, watau horon jiki da tattara hankali, suna da mai sauƙi da suke kira sukasana, wanda kusan shi ne namu, da mai wuya, fadmasana, inda ake ɗora kowace ƙafa bisa cinyar ɗaya. Manufarsu ita ce jiki ya kafu, gadon baya ya miƙe, domin zuciya ta natsu. Su suna koyonsa da gangan. Ɗan ƙauyenmu kuwa tashi yake ya ga yana yi. Japanawa sun fi kusa da mu, domin su ma sun ɗauki harɗewa zaman sakewa, gurfane kuma zaman ladabi.

Abin da ya girgiza wannan tsari shi ne kujera. Tun daga 1976, da aka soma shirin ilmin firamare ga kowa, benci ya yawaita a karkara, daga baya kujerar roba ta bi shi. A ganinmu ba ƙaramin sauyi ba ne. A wurin ɗaurin aure yanzu akan ga dattijo a harɗe bisa tabarma, ɗan cikinsa ma'aikaci na bisa kujera yana kallon tsakar kansa. Kalmar ma ta sami sabuwar ma'ana: in an ce wane ya harɗe a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, sau da yawa girman kai ake nufi.