Gwafar Keke: A Gyara Ta Ko A Sake Wata?

Ƴan'uwa manoma, keke dokin talaka ne. Da shi muke zuwa gona. Da shi muke kai aya da wake da gujiya kasuwa. In yaro ya kwana da zazzaɓi cikin damina, shi muke hawa mu kai shi likita. Kwalta guda ce ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa, wato hanyar ƙasa ta 1. Yawancin hanyoyin ƙauyukanmu rairayi ne da kwazazzabo. Saboda haka lafiyar keke tana cikin lafiyar iyali.

Yau za mu yi magana a kan ƙarfen nan mai ƙafa biyu wanda ke riƙe da tayar gaba. Yana kama da gwafar da muke tokare rumfa da ita, don haka za mu kira shi gwafa.

Gwafa iri biyu ce

Tsofaffin kekunanmu irin su Raleigh da Phoenix suna da gwafa sandararriya. Ƙarfe ne tsantsa, ba ya motsi. Amma kekunan gwanjo masu kaurin taya da giya da yawa suna zuwa da wata iri. An ƙago waɗannan kekuna a Amurka cikin shekarun 1970 don hawan duwatsu. A 1989 kamfanin RockShox ya fitar da gwafa mai lotsawa. Cikin ƙafafunta akwai sifirin, ko roba, ko iska da mai. In taya ta bugi dutse, sai gwafar ta lotsa ta dawo, hannun mahayi ya huta.

Wannan dabara tana da kyau, amma tana son kulawa. Ƙurar hunturu da rairayi suna shiga ta bakin robar da ke rufe ta. Su gauraya da giris, su dinga cin ƙarfe kamar dutsen niƙa. Ruwan damina ya shiga, tsatsa ta kama. Zafin rana kuma yana busar da robar ciki ko ya narkar da ita. Keken da ya iso mana ya riga ya yi shekaru a hannun wani. Sau da yawa gwafarsa ta gaji tun kafin mu saya.

Yadda za mu gwada ta

Na ɗaya, mu riƙe kan keke mu danna ƙasa da ƙarfi. Gwafa mai lafiya za ta lotsa ta dawo a hankali. In ta ƙi motsi, ko ta nutse ba ta dawo ba, akwai ciwo.

Na biyu, mu kama birkin gaba mu tura keken gaba da baya. In mun ji ƙwas-ƙwas, mu sa yatsa a wuyan keke. Wani lokaci boris ɗin wuya ne ya saki, ɗaurewa kawai yake so. In kuwa motsin daga ƙafafun gwafa yake fitowa, cikinta ya cinye.

Na uku, mu wanke ta tas, mu duba ta da rana. Mu nemi tsaguwa ko lanƙwasa, musamman wurin da ƙafafun suka haɗu da wurin da taya ke zama.

Wadda za a gyara

In dauɗa ce kawai ta hana ta motsi, kada mu yar da ita. Da tsohuwar zuma ake magani. Mai gyaran keke zai kwance ta, ya wanke da kananzir, ya sa sabon giris. In sifirin ne ya karye, ana iya cire na wata tsohuwar gwafa irinta a sa. Bayan haka mu riƙa share ƙafafunta da tsumma duk lokacin da muka dawo daga tafiya. Gwafa mai iska da mai dabam take. Tana son famfo na musamman da kayan da ke wuyar samu a kasuwanninmu. Kada a buɗe ta sai an saki iskar da ke ciki.

Wadda za a sake

Gwafar da ta tsage ko ta lanƙwashe ta gama aiki. Kada a miƙar da ita da guduma. Kada a yarda a liƙe ta da walda. Da yawa cikinsu ba baƙin ƙarfe ba ne. Mu kanga mayen ƙarfe mu gani: in bai kama ba, waldar bakin kasuwa ba za ta riƙe ta ba. Ko ta baƙin ƙarfe ce, wurin da aka ƙona yana iya sake karyewa. Gwafa kuwa ba ta sallama in za ta karye. Tayar gaba ta fice, mahayi ya faɗi a kan fuska, yaron da aka goyo ya bi shi.

To, wace za mu saya? Shawararmu ita ce sandararriya ta baƙin ƙarfe. Ba ta da abin da ƙura za ta ci. Ba ta son giris sai a wuya. A cikin rairayi sifirin ba ya taimako sosai. Taya mai faɗi wadda aka ɗan rage wa iska ita ce ke hana keke nutsewa. Sabuwar gwafa mai sifirin ta araha tana da ƙyalli, amma nauyi gare ta, kuma cutar da ta kashe ta farko tana jiran ta.

Ranar saye mu tafi da tsohuwar a hannu, a gwada su gefe da gefe. Kaurin wuyan gwafa yawanci iri biyu ne a tsofaffin kekuna: milimita 25,4 da milimita 28,6. Wani wuya yana da zare, wani ba shi da shi. Tayar irin waɗannan kekuna yawanci lamba 26 ce, ta Phoenix kuwa 28. Mu duba wurin ɗaura birki. Mu duba tsawo kuma, don in sabuwar ta gajarce da yawa, gaban keke zai sunkuya.

In an faɗi

Mu wanke rauni da sabulu da ruwa mai tsabta. Kada mu zuba masa ƙasa ko toka ko baƙin mai. Mu je likita a duba ko ana bukatar allurar tetanus. In kai ya bugu, mutum yana amai, ko barci na fizgarsa, ko jini na fita ta kunne, a kai shi nan take.

Lokacin wannan aiki shi ne kaka, sa'ad da amfanin gona ya shigo kuma akwai ɗan kuɗi a hannu. Kada mu bari sai daren da yaro ya kwanta. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu lafiya da damina mai albarka.