Yadda Ake Shigar da Dabara Cikin Wasan Karta na Yara

Akwai wani wasan karta da yaran Ingila da Amurka ke kira War, watau Yaƙi, na Faransa kuwa su ce bataille. Mutum biyu ke yinsa. A gauraya katin nan 52, a raba musu 26 kowanne, a kife, ba mai duban nasa. Sa'an nan kowa ya buɗe na bisa, wanda nasa ya fi girma ya kwashe duka biyu ya sa a ƙarƙashin tarinsa. In suka zo daidai, to, yaƙi ya tashi ke nan: kowa ya kife kati ɗaya ko uku, gwargwadon al'adar wurin, ya buɗe na gaba, mai babba ya kwashe ganima. Wanda ya tattare katin duka shi ya ci.

Wasan yana da amfani ga yaro ƙarami, don yana koya masa gane lambar da ta fi wata, da jiran layi, da haƙurin shan kaye. Amma fa ba a daɗewa yake gundurarsa, dalili kuwa a fili yake. Tun daga lokacin da aka gama rabo, in dai ana mayar da katin bisa tsari guda, an riga an yanke wanda zai ci. Yaran buɗewa kawai suke yi. Wani rabon ma ba ya ƙarewa, sai katin su yi ta zagayawa tsakanin hannu biyu har a gaji.

Kalmomi biyu na Hausa, dukansu aro daga Larabci, sun bayyana matsalar sarai. Sa'a asalinta lokaci ne, abin da ke zo wa mutum ba da shirinsa ba. Dabara kuwa daga tushen da ke nufin tsara al'amari da duban ƙarshensa ta fito. Dara dabara ce zalla, wasan Yaƙi sa'a ce zalla.

Gyaran da ya fi saurin zuwa rai shi ne a bar kowane yaro ya riƙe kati uku a hannu ya zaɓi wanda zai jefa. In ɗaya ke fara jefawa a buɗe, na biyu ya sami abin yi mai sauƙi: ya doke shi da mafi ƙanƙantan katin da zai iya dokewa, in babu kuwa ya yar da mafi rauni. Wannan tsohuwar hikima ce. A ƙasar Sin, cikin ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Sun Bin ya ba Tiyan Ji shawara a sukuwar dawaki da Sarkin Ci, ya haɗa dokinsa mafi rauni da ingarman sarki, ingarmansa da matsakaicin sarki, matsakaicinsa da mai raunin sarki. Ya faɗi sau ɗaya, ya ci sau biyu. Sai dai a karta wannan dabara ta mai jefawa daga baya ce kaɗai, kuma da zarar yaro ya gane ta, ta zama ƙa'idar da ake bi ido rufe.

Abin da ke raya wasan da gaske abu biyu ne: a jefa kati lokaci guda a kife, kuma ganimar da ake nema ta riƙa bambanta daraja. Wasan da ake kira Goofspiel, wanda masanin lissafi Merrill Flood ya ƙago a Jami'ar Firinston cikin shekarun 1930, haka aka gina shi. Katin karta gida huɗu ne, kowane gida 13. A ajiye gida ɗaya gefe, a ba kowane ɗan wasa gida guda cikakke, gida na huɗu a gauraya a kife a tsakiya, shi ne ganima. Darajar kati daga 1 take zuwa 13, sarki ne 13, jimlar ganima 91. A buɗe ganima ɗaya, kowa ya zaɓi kati daga hannunsa ya kife, a buɗe tare, mai babba ya ɗauka. Katin da aka jefa ya tafi ke nan, ba ya komowa.

To, a nan ne tunani ke shigowa, don hannun biyu daidai suke, ba wanda zai ce rabo ya cuce shi. A 1971 Sheldon Ross ya nuna cewa in abokin wasa da ka yake jefawa, abin da ya fi shi ne mutum ya jefa kati daidai da darajar ganima, 7 a kan 7, sarki a kan sarki. Amma ranar da abokin ya farga, sai ya riƙa ɗara shi da ɗaya tak: 2 a kan ganimar 1, 8 a kan ganimar 7, ya bar masa sarki ya yar da katinsa na 1 a wurin. Sakamako 78 da 13. Wanda aka yi wa haka zai ɗara da biyu, shi ma a ɗara shi, har kowa ya gane cewa duk tsarin da aka iya karantawa kayen mai shi ne. Abin mamaki, sa'ar da aka kora daga rabo sai ga ta an komo da ita da gangan, domin gwani dole ya riƙa sauya zaɓinsa yadda ba za a iya cinkarsa ba. Wannan shi ne irin abin da John von Neumann ya tabbatar da lissafinsa tun 1928. Cikakken lissafin wasan mai kati 13 kuwa sai a 2012 Glenn Rhoads da Laurent Bartholdi suka warware shi, da taimakon kwamfuta.

Ga yaro ɗan shekara shida ko bakwai, kati 13 sun yi yawa a tuna. Ya fi kyau a fara da biyar, daga 1 zuwa 5, ganima 15, kuma a bar katin da aka riga aka jefa a buɗe a gaban kowa, don yaron ya iya ƙirga abin da ya rage a hannun ɗan'uwansa.