Karatun Jami'a Ta Intanet: Wa Ke Auna Malamin?

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kwaya da hantsi zai ga ɗalibai a kan babura da Keke Napep suna miƙa titin Dutsin-Ma. A kan wannan hanya ce Jami'ar Al-Qalam take, wadda aka kafa a 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta 2006, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Kusan kowane ɗalibi yana riƙe da waya, kuma a yau wani ɓangare na karatunsa a cikinta yake. Iyayen da suka sayar da amfanin gona ko suka ci bashi don biyan kuɗin makaranta suna da haƙƙin tambaya: shin abin da ake turo wa 'ya'yansu ta wannan waya karatu ne, ko kuwa sauke nauyi ne kawai?

Larura ce ta tura mu wannan tafarki. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona, a lokacin kuma ƙungiyar ASUU ta shiga yajin aikin da ya kai wata tara. A 2022 aka sake yin wani na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kafin nan ma akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, da aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin mulkin Obasanjo. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da cibiyar karatu daga nesa, hukumar JAMB kuma tun 2015 ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Saboda haka zancen a karɓa ko a ƙi ya wuce. Abin da ya rage shi ne inganci.

Amfanin a fili yake. Matar aure mai shayarwa da ma'aikacin da ba zai iya barin ofis ba suna iya bin darasi daga gida, wanda bai gane ba kuma ya maimaita sauraro har sai ya gane. Amma koke-koken da ɗalibai ke kawo mana bayan salla su ma gaskiya ne. Wani malamin zai jefa tsohuwar takarda a zauren WhatsApp ya ɓace har ranar jarrabawa. Wani ɗalibin kuma zai sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa aiki, ya miƙa bai karanta ba. Ga rashin wutar lantarki, ga tsadar data, musamman bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025.

Katsina ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Garin Hasumiyar Gobarau, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani, ya daɗe da sanin cewa ba a ba da ijaza sai malami ya ji ɗalibi ya biya karatu da bakinsa. Malaman hadisi kuwa sun kafa fanni guda, Jarhu wat-Ta'adil, don auna gaskiyar mai ruwaya da ƙarfin haddarsa, komai girman sunansa. Ke nan auna mai koyarwa ba cin fuska ba ne a al'adarmu ta ilimi, tsare amana ne.

Hukumar NUC tana zuwa tantance kwasa-kwasai, ta duba yawan malamai da ɗakunan karatu, amma ba kullum take zuwa ba. Abin da ke gudana tsakanin malami da ɗalibi kowane mako, jami'a ce kaɗai za ta iya sa masa ido, kuma fasaha ta sauƙaƙa hakan. Manhaja irin Moodle tana ajiye tarihin ranar da malami ya ɗora darasi, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya duba aikin ɗalibai, da yawan waɗanda suka buɗe shi. A ƙarshen zango a ba ɗalibai dama su tantance malamansu ba tare da suna ba, a kuma sa wani malami ya saurari darasin ɗan'uwansa ya yi masa gyara cikin mutunci. Sakamakon ya shiga lissafin ƙarin girma, in ba haka ba zai zama cike takarda kawai.

Sannan a tausaya wa talaka. Sautin murya na minti ashirin bai kai bidiyo cin data ba, ana kuma iya sauke shi a saurara a ƙauye. Ga mai kwafar aiki, maganinsa tsohon magani ne: a kira shi minti biyar ya bayyana abin da ya rubuta. Malamin ma a biya shi haƙƙinsa a kan kari, a horar da shi, a ba shi wuta da intanet, domin ba adalci ba ne a auna mutum da aikin da ba a ba shi kayan yinsa ba.

Waɗannan ɗalibai da muke gani a Ƙofar Kwaya, gobe su ne za su duba marasa lafiyarmu, su yanke mana hukunci, su koyar da jikokinmu. Idan shaidarsu ta zama ta bogi, mu ne za mu fara ɗanɗana kuɗarmu. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba malamanmu ikon riƙe amana.