Rashin shan kashi ne ke sa ɗan dambe ya fi kowa?

A teburan masu shayi na unguwannin Adjamé da Treichville, idan musun damben zamani ya kaure, magoya bayan Floyd Mayweather hujjarsu ɗaya ce: karawa 50, ba a taɓa doke shi ba.

Amma alƙaluma ba sa faɗin da wa aka kara. Babban ɗan dambe shi ke zaɓar abokin karawa da lokacin da ya ga dama. Sai 2015 Mayweather ya haɗu da Manny Pacquiao, bayan shekaru ana jan ƙafa. Nasararsa ta 50 kuwa a kan Conor McGregor ce, wanda bai taɓa damben ƙwararru ba kafin nan.

Muhammad Ali ya sha kashi sau 5, amma shi ya kwantar da George Foreman a Kinshasa a 1974, lokacin da Foreman bai san faɗuwa ba. Ali ne gaba.